Rajistar Jiragen Ruwa da na Sama: Shaida Ce, Amma Ba Ita Kaɗai Ba

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Wannan ne ya sa jikokin baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka duƙufa wajen bin diddigin kakanninsu cikin rajistar jiragen da suka kai su. Aiki ne mai fa'ida, amma sai an bi shi da tsantseni irin na masanin kimiyya.

Tun daga 1820 dokar Amurka ta wajabta wa kyaftin ɗin jirgin ruwan da ya zo daga ƙetare ya miƙa jerin fasinjojinsa, da shekarun kowa da sana'arsa da ƙasarsa. Daga bisani aka ƙara tambayoyi, har da garin da mutum ya baro da kuɗin da ke aljihunsa da wanda zai sauka wurinsa. A Tsibirin Ellis na birnin New York kaɗai, fiye da mutum miliyan 12 ne suka shiga ƙasar tsakanin 1892 da 1954. Da sufurin sama ya bunƙasa, sai aka riƙa adana jerin fasinjojin jiragen sama su ma. A 2001 aka sa rajistar tsibirin a intanet.

Sai dai fa rubutu ba ya fin marubucinsa gaskiya. Akawun kamfanin jirgi ne yakan cika takardar tun a tashar da aka taso, sau da yawa ba ya jin harshen fasinja, don haka yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Wani fasinjan kuma yakan ƙara shekarunsa ko ya rage. Saboda haka duk wanda ya ga suna mai kama da na kakansa ya ɗauka ya gama bincike, to ya yi gaggawa. Wajibi ne ya gwada abin da ya samu da takardar ƙidayar jama'a, da ta zama ɗan ƙasa, da kuma labarin dattawan gida. Kamar yadda ba a yanke hukunci a ɗakin gwaje-gwaje da gwaji ɗaya, haka ba a kafa asali da takarda ɗaya.

Akwai kuma giɓi mafi ciwo. Kimanin 'yan Afirka miliyan 12.5 aka loda a jirage zuwa nahiyar Amurka a zamanin cinikin bayi, cikinsu har da Hausawan da aka kai Bahia ta ƙasar Birazil. Takardun waɗannan jirage adadi suka rubuta, ba suna ba, domin haja aka ɗauke su. Inda aka samu sunaye shi ne rajistar waɗanda sojan ruwan Ingila suka ƙwato a teku daga 1808, musamman a Freetown ta Saliyo. A nan an rubuta suna da shekaru da tsawo, har da tsagar fuska, kuma manazarta sun tattara sunaye fiye da 90,000 daga irin waɗannan kundaye.

Darasin a fili yake. Wanda ba a rubuta shi ba, sai bakin zuriyarsa ne kaɗai zai riƙe shi. Dubban Hausawan da suka nufi Makka a ƙafa suka zauna a Sudan, galibinsu ba wata rajista da ta ƙunshi sunayensu. Ya kamata malaman tarihi su sa kowane ɗalibi ya zauna gaban dattijon gidansu, ya rubuta sunayen kakanni da garuruwan da suka baro da dalilin ƙaurarsu, tare da ranar da aka yi hirar. Takarda takan jira mai bincike shekara ɗari a ma'adana, amma dattijo ba ya jira.