Kafin A Manna Tayil A Banɗakin Gidan Gado

Maƙalarmu ta wannan mako ta shafi wani ɗaki ne da kowa yake shiga kullum amma ba a son ambatonsa a cikin jama'a. Saboda kunya ma Bahaushe ya yi masa sunaye iri-iri: makewayi, bayan gida, banɗaki. Muna neman afuwar iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure, don akwai abubuwan da sai an kira su da sunansu.

Duk mai ratsa lungunan Zaitawa da sauran unguwannin cikin birni irin su Yakasai da Sheshe ya saba ganin kwalayen tayil da buhunan siminti a jibge a ƙofar wani tsohon gida, ga sabon farin masai a jingine a soro. Galibi biki ne ya matso, ko kuma wani ɗa a gidan Allah ya buɗa masa yana so ya fitar da iyayensa kunya. Niyya ce mai kyau, Allah ya saka da alheri. Abin da muke ja a kai shi ne tsarin aikin. Ana fara sayen tayil, sai an gama mannawa a tuna da tambayoyin da ya kamata a yi tun farko: daga ina ruwan zai zo, ina zai tafi, kuma bangon zai iya jure shi? A ganinmu duk gyaran da bai fara da waɗannan ba, garin neman gira zai iya rasa ido.

Kafin a rushe tsohon makewayi, yana da kyau mu san hikimar masu gininsa. Can ƙuryar gida suke kai shi, nesa da ɗakunan kwana da madafa. Sau da yawa ba a rufe samansa, rana ce take busar da daɓen, iska ta kwashe wari. Salga ba ta cin ruwa sai na buta ɗaya. Maginanmu kuma sun san ƙasa ba ta shiri da ruwa, shi ya sa suke yaɓe da makuba, ko da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya da dafara, irin wanda ake shafe ramukan rini da shi. Gida ne da aka tsara don mutane masu yawa da ruwa kaɗan. Idan za a shigo da banɗakin da aka ƙera don gidan da famfonsa ba ya ɗaukewa, dole a yi lissafi.

Bari mu yi lissafin. Masai mai tanki na yanzu yana zubar da kusan lita 6 a kowane kori, tsofaffin samfura ma sun fi haka. A ɗauki gida mai mutum 15, wanda ba abin mamaki ba ne a cikin birni, kowa ya kora sau 4 a yini. Lita 360 ke nan, wato sama da jarka 14 mai lita 25, ban da wanka da wanki da girki da alwala. Mazauna birni sun san yadda ruwan Tamburawa da Challawa yake yi wa unguwanni wuyar samu, kuma sun san farashin jarka a hannun 'yan garuwa idan zafi ya tsananta. Me zai biyo baya? Za a fara tsimin ruwa, a daina korawa sosai, bututu ya toshe, wari ya dawo. A da warin yana can ƙurya a sarari, yanzu kuwa an kai banɗakin cikin ɗakin amarya an rufe da silin. Masai na tsuguno wanda ake kora wa ruwa da bokiti yana wadatuwa da lita 2 ko 3. Gidan nan dai mai mutum 15 zai tashi a jarka 5 zuwa 7. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Sai batun inda ruwan zai tafi, wanda shi ya fi komai haɗari. Salga rami ne kusan busasshe. Masai mai kori kuwa kullum yana tura ɗaruruwan litoci na ƙazamin ruwa cikin ƙasa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita 1.5. Gida nawa ne a Zaitawa yake da filin mita 30? Katanga ɗaya ce take raba mu da maƙwabci, kuma mai yiwuwa rijiyarsa tana bayan bangon da muke shirin haƙa sokawe. A shekarar 1854 kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwar Soho ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi diddigi ya gano cewa daga rijiya ɗaya mamatan suke shan ruwa, daga baya aka tarar akwai tsohuwar shadda da ba ta kai mita ɗaya ba tsakaninta da rijiyar. Mu ma nan ba labari ba ne: a 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Don haka ramin ya fi tayil cancantar kuɗi. A gina tankin da bulo, a shafe cikinsa da siminti yadda ba zai yi yoyo ba, a nisanta mazurararsa da rijiya iya yadda fili ya bayar. A shiga gidan maƙwabci a yi sallama a tambaye shi inda rijiyarsa take, wannan yana cikin haƙƙin maƙwabtaka. Inda tazarar ta gagara, ruwan rijiyar ya koma na wanki, na sha kuwa a tafasa ko a nemo daga wani wuri. Sannan a tuna ramin zai cika wata rana. Motar zuƙe masai ba ta shiga lungun da ko kurar ruwa sai an karkata. Aikin zai koma hannun masu yashewa da bokiti da shebur, waɗanda Kanawa suke kira gidan kowa da akwai. A bar musu murfi a wurin da za su iya buɗewa. Wanda ya malale bakin rami da tayil saboda kyau, da hannunsa zai fasa.

Na uku shi ne bango. Yawancin gidajen gado ginin ƙasa ne, ko da an lulluɓe fuskarsu da siminti. Idan mai aikin famfo ya sassaƙe bangon ya binne bututu, aka bi da tayil aka rufe, ranar da mahaɗa ɗaya ta fara ɗiga babu wanda zai gani. Ƙasa za ta yi ta sha daga ciki, siminti da tayil su hana ta bushewa, har gindin bangon ya ruɓe. Alamar farko ita ce tayil ya fara ƙarar kwarya idan an ƙwanƙwasa, ko danshi ya bayyana a ɗakin da ke bayansa. Idan ruwan Agusta ya zo ya tarar da bango a haka, sai dai mu ce Allah ya kiyaye. Maganin ba tsada gare shi ba: a bi da bututu ta waje inda ido yake gani, a tayar da siririn bangon bulo daga ciki ya zama shi ruwa yake duka, a karkata daɓen zuwa rariya. A kuma tabbatar ruwan wanka yana bin kwata, kada ya kwanta a lungu ya zama gidan sauro ko ya cinye gindin katangar wani.

Na huɗu, a tuna da waɗanda aka ce don su ake gyaran. Tayil mai sheƙi yana da kyau a hoto, amma da ruwan sabulu ya taɓa shi ya zama tarko. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramar jarrabawa ba ce, wasu daga ita ba sa sake tashi. A zaɓi tayil mai kaushi don ƙasa, ko a bar daɓen siminti mai kyau. A kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa fitila a hanya saboda fitowar asuba. Idan Hajiya ko Baba suna fama da gwiwa, a nan ne masai na zama yake da amfani na gaske, sai a yi musu guda a tanadar masa ruwansa. Kuma a tambaye su kafin a fara. Su suka san inda tsohuwar shaddar da aka binne take, su suka san ta inda ruwan sama yake bi. Su ne kuma za su fara lura idan an juya masai yana kallon alƙibla.

Wani zai ce: to so kuke mu dawwama a salga kamar zamanin kakanni? A'a. Salga tana da nata aibin, ga wari ga ƙuda ga kyankyaso, ga fargabar ruftawar murfi idan azara ta ruɓe, ga yara ƙanana da ake tsoron su zurma. Gyara wajibi ne. Amma tsakanin salga da banɗakin otal akwai matakai. Tun shekarun 1970 aka ƙirƙiro wata dabara a Zimbabuwe: a kafa dogon bututu daga ramin ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga, iska ta ja warin sama, ƙuda ya bi haske ya maƙale. Akwai kwanon roba na SATO da ake ɗorawa a bakin rami, mai marfi a ƙasa da yake rufe kansa, ruwa kaɗan yake buƙata. Akwai na tsuguno mai lanƙwasa da ke riƙe ruwa ya tare wari. Maƙwabciyarmu Jigawa da aka ayyana a 2022 a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili, da masai masu sauƙin kuɗi a gidaje ta kai ga haka.

Abu na ƙarshe, gidan gado ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya kawo kuɗin gyara yau ba lallai shi ne mai kwana a gidan ba. Zai sa a yi aiki, a ɗauki hoto a tura masa, ya yi hamdala. Matan gidan su ne za a bari da sayen ruwa da wankin tayil da neman mai gyara idan bututu ya toshe. Ya kamata a zauna tun kafin a kira magini, a yi magana a fili: wa zai riƙa biyan kuɗin ruwa, wa zai biya kuɗin yashewa, sassa nawa ne za su yi tarayya a rami ɗaya? Zumunci da yawa ya yi rauni a kan abin da bai kai wannan ba.

Shawararmu a taƙaice ita ce a bi wannan jeri: ruwa, rami, bango, tsofaffi, sannan ado. Idan kuɗi sun ƙare kafin a kai ga tayil, ba a yi asara ba, daɓen siminti mai tsafta da buta da sabulu a bakin ƙofa sun wadatar har Allah ya hore. Ranar 19 ga Nuwamba ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don batun masai, amma mu damina ce take yi mana jarrabawa duk shekara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna da magina da masu aikin famfo da ma'aikatan lafiya a wannan zaure, muna so su ƙara mana haske. Waɗanda kuma aka yi irin wannan gyara a gidajensu, su faɗa mana jarka nawa suke saye kafin gyaran, nawa suke saye yanzu. Allah ya raya mana gidajen iyayenmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya.