Sharhi: Fuskar da Ke Jikin Naira Biyar



In aka laluba ƙasan farantin mai goro, ƙila a tsinci tsohuwar naira biyar a dunƙule. Yau ko ruwan leda ba ta saya. To, a warware ta a dubi dattijon da ke jiki. Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa ke nan, firaminista ɗaya tilo da Najeriya ta taɓa yi. A garin nan na Ikko ya yi mulki, daga nan kuma aka ɗauke shi zuwa ga ajalinsa.

An haife shi a ƙasar Bauchi a 1912, ba ɗan sarki ba. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma gida ya kama alli. Kujerar da zai hau daga baya kuwa tsarin Ingila ce. Yana ɗalibi a Katsina, mai irin wannan kujera a Landan shi ne Ramsay MacDonald, ɗan talaka daga Sikotlan, wanda shi ma ya taɓa koyarwa. Da tattalin arziki ya durƙushe a 1931, MacDonald ya haɗa gwamnati da abokan hamayya, jam'iyyarsa ta Leba ta kore shi. A wannan tsari firaminista ba ya kwana kan mulki sai da yardar majalisa, don haka aikinsa kullum lallashi ne da haɗa kan waɗanda ba sa ga maciji.

Malam Abubakar ya iya wannan aiki, kuma ba matsoraci ba ne. A 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a lokacin da ake jin nauyin ɗaga murya gaban sarakuna. Da ya zama firaminista a 1957, ya zaunar da jam'iyyun NPC da NCNC da AG a gwamnati guda. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ya karɓi 'yancin ƙasa a filin sukuwa da yanzu ake kira da sunansa. Ya sauka duniya bai bar tarin dukiya ba, kuma har gobe ana yi masa wannan shaida.

Sai dai ƙaunar da muke masa ba za ta hana mu faɗin inda haƙuri ya wuce gona da iri ba. An sa dokar ta-ɓaci a yankin Yamma a 1962, an ɗaure Cif Awolowo, jagoran AG, a 1963. Zaɓen Yamma na Oktoban 1965 ya zo da kukan maguɗi, aka shiga ƙone gidaje da motoci, gwamnatin tarayya ba ta tsawatar ba. A Janairun 1966 ya karɓi shugabannin ƙasashen renon Ingila a Ikko, har da firaministan Ingila Harold Wilson, ana neman maganin rikicin Rodeshiya, alhali wuta na ci a bayan ɗaki. Daren 15 ga watan sojoji suka ɗauke shi. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, hanyar da mutanen Agege ke bi safe da yamma.

Mu da ke zaune cikin Yarbawa da Ibo, kasuwarmu ɗaya, famfonmu ɗaya, wannan tarihi namu ne. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da 'yan takara su ɗauki haƙurinsa da tsabtar hannunsa. Su kuma ƙara da abin da ya makara a kai: in maƙwabci ya yi kukan an zalunce shi, a tashi a duba tun da wuri, ko da mai zaluncin namu ne.

Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.