Sararin sama ma yana tona asirin tsunami

A tsakiyar teku, tsayin igiyar tsunami bai cika wuce mita ɗaya ba, amma tana gudun kilomita 700 a awa. Tana tafe tana tura iskar da ke samanta. Motsin yana ƙaruwa yayin da yake hawa, har ya kai nisan kilomita 300, inda yake jirkita saƙon GPS. An ga hakan a Japan ranar 11 ga Maris 2011.

Tsunamin 2004 ya hallaka mutum kusan 230,000, galibinsu babu wanda ya gargaɗe su. Ya kamata ƙasashen bakin teku su riƙa musayar bayanan GPS nan take. Minti goma kan ishi mutum ya hau tudu.