Ɗaci Ba Ya Kashe Zaƙi

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na faɗe ta, ko da za ta ɓata wa waɗansu rai. Maganar ciwon sukari ce, da masu neman abinci da shi.

Duk wanda ya ratsa ta Kasuwar Kurmi ko bakin Ƙofar Mata ya taɓa ganin irinsu. Sukan jera kwalabe, suna rantsuwa wai kwalba uku ta raba mutum da ciwon har abada. Hujjarsu ita ce, tun da zaƙi ne cutar, ɗaci ne maganinta. Sai a jiƙa maɗaci da shuwaka da darbejiya a ɗura wa bawan Allah. To, ni na ce wannan yaudara ce.

Ga yadda abin yake. Tuwo da shinkafa da fura, in sun shiga ciki, sukari suke zama su bi jini. A bayan tumbi akwai wani ɗan nama mai fid da wani ruwa, likitoci na kiransa insulin. Shi ne mai buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In ruwan nan ya ƙaranta, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya cunkushe cikin jini, kamar ayarin da ya iske an rufe ƙofar gari. Daga nan sai ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama, da kasala. To, ina ruwan rufaffiyar ƙofa da ɗacin harshe?

Ina da wani maƙwabci, marini, da likita ya ɗora a kan ƙwayoyi, har ya sami sauƙi. Ran nan aka yi masa romon baka, ya watsar da su ya kama kwalba. Ciwon nan kuwa yakan kashe jijiyoyin ƙafa a hankali. Ƙusa ta soke shi bai ji ba, wurin ya zama gyambo, ƙarshenta aka yanke ƙafar. Mai kwalba kuwa tuni ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba.

Na san za a ce, ai maganin asibiti ba ya warkarwa, kullum sha ake yi. Haka ne, likita ma bai ɓoye ba. Amma tuwo ma kullum ake cinsa, wa ya taɓa cewa tuwo ya gaza don yunwa ta komo? Kafin 1921, lokacin da Banting da Best suka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da nau'in nan mai tsanani ba ya daɗewa. Yau mai yin allurar nan yakan tsufa ya ga jikokinsa.

Saboda haka wanda ya ga alamun nan ya tafi Asibitin Murtala, ko na kusa da shi, a auna jininsa kafin ya karya. In awo biyu sun nuna 126 ko fiye, ciwon ya tabbata. Ya riƙe maganinsa. Ya bar lemon kwalba da alkaki, ya rage malmala, ya yawaita wake da zogale da miyar ganye. Kada ya ce ya bar sukari ya koma zuma, duk kanwar ja ce. Ya riƙa tafiya a ƙasa kamar ta rabin sa'a kullum. Kada ya yi yawo ba takalmi, in ya yi alwala kuma ya share tsakanin yatsunsa ya duba su. In azumi ya gabato ya shawarci likita tukuna.

Ku da Allah ya ba ilmin karatu, ku karanta wa na gida wannan. Mai kwalba kuɗinku yake so, ƙafa da ido kuwa ba a sayar da su a Kurmi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya, amin.