Ganyen da Ya Zube Ba Mutuwa Ba Ne: Ra'ayi Kan Dashen Rotala a Makarantunmu

A wata makarantar sakandare da na ziyarta, an zagaya da ni ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, inda na tarar da akwatin gilashi na kiwon kifi. Ruwansa garau, kifaye suna kai da komowa, amma duk tsirran da ke ciki na roba ne. Da na tambayi dalili, sai malamin ilmin halittu ya ce ai sun taɓa gwada mai rai. Sun ga hoton wani jan tsiro mai siraran ganye, suka aika a sayo musu, sai aka kawo musu kore mai kewayayyen ganye a cikin 'yar tukunyar roba. Suka nutsa shi a ruwa da tukunyar tasa. Kafin mako biyu ganyen ƙasa ya fara ruɓewa yana zubewa, suka tsame shi suka yar, suka tabbata an cuce su.

Daga kwatancen da ya yi mini, Rotala ne aka kawo musu. A ganina ba a cuce su ba, hasali ma abin da suka biya kuɗinsa shi aka ba su. Asarar da ta fi ta kuɗin ita ce, sun zubar da darasin da zai fi makonni da yawa na rubutu a allo amfani ga ɗalibansu.

Cikakken sunan wannan tsiro a wurin masana shi ne Rotala rotundifolia, kalma ta biyun kuwa a Latin tana nufin mai kewayayyen ganye. Asalinsa daga kudanci da gabashin Asiya ne, inda manoman shinkafa suka san shi a matsayin ciyawar fadama. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa danginsa ɗaya da lallen da iyayenmu mata ke ƙunshi da shi, da kuma rumman. Da yake a fadama yake rayuwa, inda ruwa ke cika da damina ya janye da rani, yana da kamanni biyu. In kansa na cikin iska, ganyensa kewayayye ne, mai ɗan kauri, kore. In ruwa ya shanye shi, sai ya fitar da wani ganye dabam, siriri, dogo, mai laushi, wanda kan yi ja-ja idan haske ya wadata.

Manyan lambunan da ke renon tsirran ruwa don sayarwa sun fi renon su da kai a waje, saiwa kawai ke cikin ruwa, domin haka suka fi saurin girma, suka fi kuma jure wahalar tafiya. Saboda haka wanda ya sayi Rotala, galibi mai kamannin tudu yake samu. Da zarar an nutsa shi, tsohon ganyen ya shiga halin da ba a gina shi dominsa ba. Dalili kuwa shi ne, iskar kabon da tsiro ke haɗa abincinsa da ita tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da take ratsa iska. Ganyen tudu yana da kakkaurar fata mai hana shi bushewa, da 'yan ƙofofi na shaƙar iska. A ƙarƙashin ruwa ƙofofin ba su da wani aiki, fatar kuma ta zama shamaki. Sai tsiron ya janye abin da zai iya janyewa na abinci daga tsohon ganye, ya mayar da shi ga sabon toho. Zubewar da malamin nan ya gani ke nan. Da sun duba kan kowane kara da kyau, mai yiwuwa da sun ga sirarrun ganyaye sun fara leƙowa.

Kuskurensu na farko shi ne nutsa tsiron da tukunyarsa. Abin da ke cikin tukunyar ba ƙasa ba ce, wata irin auduga ce da ake yi da narkakken dutse, tana riƙe da ragowar takin lambu, kuma an cusa kara da yawa a cikinta wuri ɗaya. In an bar su haka, na waje za su tare wa na tsakiya haske, gindi ya ruɓe. Ya kamata a zare tukunyar, a ɓare audugar a cikin kwanon ruwa da yatsu ko da matsefata, a raba karan ɗaya bayan ɗaya. A rage tsawon saiwar da almakashi, a tsige ganyen gaɓoɓi biyu ko uku na ƙasa, sa'an nan a soka kowane kara cikin tsakuwa zurfin santimita 3 zuwa 4, a bar tazarar kamar faɗin yatsa biyu tsakaninsu. Wanda ya gaji ya haɗa su dami guda ya tura, ya koma gidan jiya.

To, a nan ne na saba da malamai da yawa, har da waɗanda suka san duk abin da na faɗa. Sukan yi wannan aiki da kansu bayan an tashi daga makaranta, ɗalibai su zo da safe su tarar da akwati ya yi kyau. Hujjarsu ita ce, tsiron da tsada yake, yara za su kakkarya shi, kuma manhajar jarrabawa ba ta bar lokacin wasa da ruwa ba. Ban raina hujjar ba, musamman a makarantar da sai an yi da gaske ake samun kuɗin alli. Amma Rotala ba ya cikin tsirran da karyewa ke kashewa. Kowace gaɓa ta karansa tana iya fitar da saiwa, tamkar yadda manomi ke yanka karan rogo ko yaɗon dankali ya dasa. Guntun da yaro ya karya bisa kuskure, in ya kai tsawon yatsa, sabon dashe ne. Ke nan tsoron ɓarna ba shi da tushe, kuma tukunya ɗaya in an yi haƙuri da ita za ta wadaci aji guda.

Batun manhaja kuwa, ai a cikinta ake. Idan karan ya kai saman ruwa, akan yanke kansa tsawon santimita 8 zuwa 10 a sake dasawa. Bayan 'yan kwanaki ɗalibi zai ga gindin da aka bari ya fitar da rassa, sau da yawa biyu, daga gaɓar da ke ƙasa da wurin yankan. Me ya hana su fitowa tun da farko? Kan tsiro yana sarrafa wani sinadari da ake kira oksin, wanda ke gangarowa ta cikin kara yana danne tohon gefe. A shekarar 1933 masana biyu a Amurka, Kenneth Thimann da Folke Skoog, suka nuna cewa in an yanke kan tsiro aka shafa wannan sinadari a wurin yankan, tohon gefe zai ci gaba da barcinsa. Ɗalibin da ya riƙe almakashi da hannunsa, ya dawo ya ƙirga rassa, ba ya bukatar haddar wannan babi. Gani ya kori ji.

Sai maganar launi, wadda ita ce ta jawo sayen tsiron tun farko. Jan da ake sha'awa ya samo asali ne daga sinadarin antosayanin, dangin wanda ke rina ruwan zoborodo. Tsiro kan ƙara yin sa idan haske ya yi ƙarfi, domin ya kare ganyensa, da kuma idan sinadarin naitirojin ya yi ƙaranci a ruwa, lokacin da koren ganye ke raguwa jan ya bayyana. Shi ya sa kan da ke kusa da fitila ya fi gindi ja. Akwai zancen da ya yaɗu tsakanin masu wannan sha'awa, cewa ruwan takin ƙarfe shi ke sa ja. Gaskiyar ita ce, tsiro na bukatar ƙarfe kaɗan, in ya rasa sabon ganye yakan fito fari-fari. Amma zuba shi da yawa a akwati mai duhu ba zai mayar da kore ja ba. Maimakon malami ya yanke wa ɗalibai hukunci, ya ba su manyan kwalabe biyu, ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, ɗaya kusa da haske ɗaya nesa, su riƙa rubuta abin da suka gani har wata guda. Sai dai a kula: hasken rana kai tsaye yana kawo gansakuka, kuma a zafin bazara irin namu yana iya ɗumama ruwan ya wuce digiri 28, inda tsiron kan fara galabaita.

Wani zai ce hotunan da ake gani na jajayen Rotala ai da kayan tsada aka same su. Haka ne. Takashi Amano, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Japan wanda ya rasu a 2015, shi ya shahara da shirya akwatunan ruwa tamkar daji, da fitilu masu ƙarfi da tulun iskar kabon. Makarantar da wutar lantarki ke yi wa zuwa da ɗaukewa ba za ta kamo shi ba, kuma ba lallai ne ta gwada ba. A 1999 wata Ba'amurkiya mai ilmin ƙananan halittu, Diana Walstad, ta wallafa littafi inda ta bayyana hanya mai sauƙi: a shimfiɗa ƙasar lambu kaurin kimanin santimita 2 zuwa 3, a rufe ta da tsakuwa mai kauri kamar haka, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar su riƙa sakin iskar kabon sannu a hankali. Jan ba zai kai na hoto ba, wataƙila ruwan hoda kawai za a samu a kan kara, amma tsiron zai rayu. A tabbata dai ƙasar ba ta da maganin ƙwari ko ɗanyen taki.

Saura abu ɗaya da ya dame ni a labarin malamin, wato inda suka yar da tsiron. Ƙarfin da ya sa guntun kara ke zama sabon dashe, shi ne kuma haɗarinsa. A 1996 an tarar da Rotala ya kafu a wata magudanar ruwa a jihar Fulorida ta Amurka, dubban kilomitoci daga mahaifarsa. Mu ma a nan mun ɗanɗana irin wannan: tsiron nan mai shuɗin fure da ke yawo bisa ruwa, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda aka yaɗa a duniya don ado, ya bayyana a ruwayen Legas a 1984, daga baya ya addabi masunta da masu jiragen ruwa a Kogin Kwara. Ƙasarmu tana da zafi, tana da fadamu da gonakin shinkafa irin waɗanda Rotala ya saba da su. Don haka duk ajin da ya yi aski ga akwatinsa, ya tattara guntayen a faranti, ya shanya su a rana har su bushe ƙayau, sa'an nan ya ƙone su ko ya binne su nesa da kwata da rafi. Ruwan da aka wanke saiwar a ciki ma a tace shi da tsumma kafin a zubar.