Ba kowane ƙwallon tanis ke jure inji ba

Ƴan kasuwar Madarunfa, maza da mata, masu saro kaya Kano ta Ɗan Isa, mu lura: ƙwallon tanis iri biyu ne. Na rufaffen gwangwani, iska ke ba shi tsalle. Da an buɗe, makonni kaɗan ya mace. Injin da ke harbo wa mai koyo ƙwallo kuwa ba ya hutawa, sai marar iska, mai kaurin roba, shi ke jurewa. Kafin mu biya, mu sake shi daga tsayin santimita 254. Mai kyau zai tashi 135 zuwa 147. Mu daina cusa wa mutane mataccen gwanjo. Ribar yini ɗaya ba ta kai amanar mai saye ba.