LITTAFIN DA BAI SAN HUNTURU BA, BAI SAN LAMBUNMU BA

Wannan makon mun bar maganar adabi, mun leƙa bayan gida.

Da yawa daga cikinmu mun fara noman buhu saboda tsadar cefane: attaruhu a gindin katanga, alayyahu a tsohon bokiti. Mu ma da muka fara, littafi muka nema. Muka tsinci wani ƙato mai hotuna a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, bugun Ingila. Ya ce a shuka tumatir idan sanyi ya wuce, muka bi. Ƙarshen Maris muka dasa, bazara ta kama shi, fure ya yi ta zuba, ko na miya ɗaya ba mu samu ba. Marubucin bai yi ƙarya ba, ƙanƙara yake gudu. Mu kuwa zafi ne abokin gabarmu, shi ya sa masu lambun Kadawa ke cin moriyar tumatir da sanyin hunturu.

To me ya cancanci zama a kantarmu?

Mu dai Dalziel muka sa a gaba. Likita ne Bature da ya yi aiki a ƙasar nan, ya buga A Hausa Botanical Vocabulary a 1916. Ba ya koyar da shuka ko ban ruwa. Amfaninsa shi ne ya haɗa sunan da kakarmu ke kiran tsiro da sunansa na kimiyya. Ranar da ka gane yakuwa ita ce Hibiscus sabdariffa, rama kuma Hibiscus cannabinus, duk binciken da aka yi a kansu ya buɗe maka a intanet. Kafin nan, ka rubuta "yakuwa" ka ga abin da za ka samu. Wasu za su ce littafin 'yan mulkin mallaka ne. Haka ne, amma ilimin ciki daga bakin manoma da masu magani na ƙasar nan aka ɗebo shi, kayanmu ne muke karɓa.

Sai Vegetables in the Tropics na Tindall, 1983. Turancinsa da nauyi, sai dai da kuɓewa da alayyahu yake magana, a yanayi irin namu. Ƙananan takardun wayar da kan manoma na NAERLS da ke Samaru, Zariya, sun fi shi saukin bi. Duk wanda ya samu, ya adana.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne namu. Muna fitar da labaran soyayya babu adadi, amma uwargidan da ba ta jin Turanci, ina za ta karanta cewa ɗanyen kashin kaji na ƙone shuka sai an bar shi ya ruɓe? Ko yadda ake jiƙa 'ya'yan darbejiya a fesa wa ƙwari? A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, yawancinmu a rediyo muka ji, muka manta.

Mu mun sayi littafin rubutu na ɗalibai, muna sa ranar shuka, ranar tsiro, da abin da tsofaffin masu lambu suka faɗa mana. Duk mai irin wannan a cikinku ya ɗauki hoton shafi ɗaya ya ajiye a ƙasa, ya faɗi garinsu da watan da ya shuka.